Likitan da Suka Hana Ya Koyar da Mu

Ranar Talata, sha huɗu ga Afrilu, ina tsakiyar duba marasa lafiya aka kira ni aka ce ka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, mu ɗalibanka Baba A-Sake muke ce maka, domin duk wanda ya soka allura bai sami jijiya ba, abin da zai ji daga bakinka ke nan: "A sake." Ba tsawa, ba harara.

Ina aji huɗu a makarantar likitanci na san ka. Ina da i'ina. Wata safiya ana zagayen majinyata, shugaban sashe ya ce in bayyana ciwon wata tsohuwa. Harshena ya sarƙe. Ya dubi tsohuwar ya ce, "Iya, ki yi addu'a kada wannan ta zama likitarki." Aka kwashe da dariya, wasu ma tsoro ne ya sa su yi. Kai kaɗai fuskarka ba ta motsa ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ta san amsar. Mu jira ta." Aka jira. Na faɗa, kuma daidai ne.

Manyan sashen ba su yafe maka ba. Suka ce kana sangarta mu, wai sai an ci mutuncin ɗalibi yake zama likita. Ka gaya musu a taro cewa wanda aka tsoratar da shi daga tambaya, gobe kuskurensa zai ɓoye, kuma a kan majinyaci abin zai ƙare. Ladarka ita ce cire sunanka daga jadawalin koyarwa. Suka tura ka wani ɗan ɗaki marar taga bayan ɗakin magani. Shekara tara muna bin ka can a ɓoye da tambayoyinmu, kana zana mana zuciya da ƙoda a bayan tsofaffin takardu.

Jiya a gidanka, shugaban nan ya miƙe yana cewa an yi rashin uban ɗalibai. Wallahi sai da na fita waje. In ya san ubanmu ne kai, don me ya raba ka da mu? Yau da safe ma na tarar da wata ɗaliba tana kuka a matakalar bene, an kira ta jaka a gaban gadon majinyaci.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya tausaya maka fiye da yadda ka tausaya mana. Umma, matar Malam, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da yara. Su kuwa, Allah Ya shirye su kafin su kori wani irinka.