Muryar Hafsatu a Lasifika

Jama'a, ku ji!

Kun san ina koyon aikin rediyo a asibitin yara, muna sa wa marasa lafiya shirin gaishe-gaishe ta lasifika. Jiya na naɗi muryar Hafsatu, wata yarinya marar lafiya daga Tabanni, tana gaida innarta. Yau da hantsi na saka. Sai ga nas a guje: "Kashe! Kashe! Yarinyar ta rasu da asuba!"

Innalillahi! Ashe uwar tana ɗakin da yarinyar ta kwanta tana haɗa kaya, ta ji komai.

Uwar tana shigowa inda nake na durƙusa. "Inna, ki yafe min."

Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Maido min daga farko. Kin kashe kafin ta gama gaishe ni."