Tabarmar Kawu Illa a bakin lungu

Ku da kuka san Kawu Illa, ai kun san tabarmarsa. Da ya ji an fara gwada lasifika a istad, wato filin ƙwallo, sai ya naɗe ta a hammata, ya ɗauki buta, ya je ya shimfiɗa a bakin lungunmu, daidai inda ya haɗu da gudron, babban titin kwalta. Ranar konser, wato wasan mawaƙa, motoci da kabu-kabu kan cika unguwa har ƙofar gida, kuma in bakin lungun nan ya toshe, mara lafiya ko mai naƙuda sai dai a ɗauke shi a ka. Kawu, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni, tsohon direban taksi ne. Ya ce muddin yana numfashi ba mai aje mota a wurin.

Dabararsa? Da mota ta kunno kai sai ya kabbarta salla! Wa zai taka mai salla? Wani saurayi ya jira har ya gaji, ya leƙo ta taga.

"Baba, ai ba a nafila bayan la'asar!"

Kawu ya sallame a natse. "Wa ya ce maka nafila ce? Ramuwa nake, sallolin da cunkoso ya cinye mini ina taksi. Yanzu na kawo shekarar da aka haife ka."

Astagfirullah! Allah ya yafe masa, ya yafe mana mu da muka yi dariya.

Sau ɗaya aka shammace shi. Ya shiga gida sabunta alwala, ya fito ya tarar wani Alhaji ya dasa ƙatuwar motarsa kat-kat a wurin ya wuce. Kawu ya jawo ragonsa ya ɗaure a gindin motar, ya zuba masa harawa, ya sa matarsa Inna ta baza kuɓewa a saman murfin injin. Ashe Alhaji ya manta tikitinsa a ciki, sai ga shi ya dawo.

"Subhanallahi! Mene ne haka, tsoho?"

"Af, taka ce? Mun zaci rumfa aka kawo wa unguwa. Yi haƙuri kuɓewar ta bushe."

Ba mu sake ganin motar nan ba.

To, cikina na fari a gidansa na yi goyonsa, kuma ɗan nan bai tashi zuwa ba sai ranar wani babban konser, da rana tsaka. Inna ta saka ni a tsohuwar taksin Kawu. Lungu a buɗe, alhamdu lillahi, amma gudron ya cushe, ko akuya ba ta ratsawa. Ina ta salati, Kawu na ta oda, ba wanda ya waiwayo.

Sai wani ya sauko daga wata baƙar mota ya durƙusa. "Baba, mawaƙin ne a ciki, ya makara. An ce lungunku na ɓullewa bayan istad. A taimaka."

Kawu ya dube ni, ya dubi motar. "Ce masa ya leƙo da kansa jama'a su gan shi. Shi a gaba, ni a baya. Asibitin haihuwa tukuna, waƙa daga baya."

"Baba, mutane na jiransa!"

"Wannan na cikin ma jiransa ake, kuma shi ba ya ɗaga lokaci."

Wayyo, da mawaƙin nan ya leƙo! Ihu ya tashi, samari suka dinga ciccibar babura suna kaucewa da su, hanya ta dare. Mu kuwa muna biye, Kawu ya fitar da hannu yana ɗaga wa jama'a kamar shi ake wa tafi.

"Kawu, don Allah riƙe sitiyari!"

"Ɗiyata, bar ni in amsa gaisuwa, ba kullum ba ne."

Muna isa ko zama ban yi ba na sauka lafiya. Da aka miƙa wa Kawu jaririn, mutumin nan mai baki sai ya kasa huɗuba, hawaye na bin gemunsa. Sai da Inna ta zungure shi.

Ya Allah, bawanka Illa bai yarda a toshe wa mai rauni hanya ba. Ka buɗe masa tasa, ka haskaka kabarinsa, ka ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi. Amin.