Haƙorin Makka na Hajiya Tabawa

Duk wanda ya taɓa sayen yadi a layin bayan ofishin magajin garin Adjamé ya san Hajiya Tabawa, ko bai san sunanta ba ya san haƙorinta. Da ta yi dariya sai zinariya ta ƙyalla a gefen bakinta, kuma tana dariyar ne ko lokacin da take ƙin yi maka ragi. Mahaifiyata ce, ni ce autarta, Radiyya.

A Adjamé aka haife ta, 'yar fataken goro. Da tallan ɗankwali ta fara har ta kai ga rumfa. Ta auri mahaifinmu Sadi, direban babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Treichville. Ina ƙarama suka tafi aikin Hajji tare, ita kaɗai ta dawo. Zazzaɓi ya kama shi bayan an sauko daga Arfa, aka binne shi a can. Ta dawo da akwatinsa, da haƙorin Makka irin wanda alhazanmu ke sawa shaidar sun je. Ba ta taɓa ba mu labarin rasuwarsa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bara haƙorin ya fara ciwo daga ƙarƙashin zinariyar. Inna ta tauna kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, ta sha ƙwayoyin masu baza magani a tire, waɗanda rana ta gama dafawa. Ba jahilar asibiti ba ce, don hawan jininta ba ta wasa da shi. Amma ina ambatar likitan haƙori sai ta haɗe rai.

"Su dantis ɗin nan ba su san komai ba sai cirewa," in ji ta.

"To in an cire fa, Inna? Hajjin ne zai goge?"

Ta yi mini wani kallo, ta ci gaba da ninke atamfa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka tsoro take kada matan kasuwa su koma kiranta Tanti kamar kowace mace, su daina cewa Hajiya.

Wata Asabar da hantsi na biya rumfar na tarar da ita zaune, ta ja mayafi har hanci. Na janye shi. Kuncinta ya kumbura har ƙasan haɓa, fatar tana sheƙi, jikinta zafi rau. Na ba ta ruwa ta kasa haɗiyewa. Ban nemi yardarta ba, na tare tasi na tura ta ciki.

A kan gada muka maƙale a cunkoso. Ina jin numfashinta yana fita da ƙyar, ina dukan kujerar direba kamar shi ya tare hanyar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Likitar da muka samu a asibitin unguwar Belleville, Dokta Iklima, 'yar Hausawan Treichville ce, Faransancinta ya fi Hausarta kauri. Ta leƙa ta 'yar kafar da bakin ya buɗu, sai fara'arta ta ɗauke.

"Hajiya, tushen ya ruɓe, mugunya ta sauka wuya. Se grav fa, abin ya yi tsanani. In ta toshe maƙogwaro, ba dantis kuma za a kira ba. Yau zai fita."

Inna ta sa tafin hannu ta rufe bakinta, ta girgiza kai. Likita ta lallashe ta, ta ce za a yi mata wani na zinariya wanda ya fi shi kyau. Ta sake girgiza kai, ta fara laluben takalminta da ƙafa. Nan haƙurina ya ƙare.

"A kan kwalliya za ki mutu ki bar mu? Baba ya tafi ko kabarinsa ba mu sani ba, ke ma so kike ki bi shi?"

Inna ta sauke hannun, maganar na fita ta tsakanin haƙora.

"Shi ya zaɓa mini, Auta. Ina tsoro, ya riƙe mini hannu har aka gama sawa. Ya ce in mun koma gida kullum sai ya ba ni dariya don ya riƙa gani." Ta ja numfashi da ƙyar. "Bai gani ba ko sau ɗaya a Adjamé."

Na durƙusa na kama hannunta na riƙe gam. Ta daɗe tana kallon hannun nawa, sannan ta kwantar da kai a jikin kujera.

Da aka cire na karɓi haƙorin na adana, ita kuwa sai da aka kwantar da ita a asibiti ana ƙarin ruwa da allurai kafin kumburin ya saɓe. Ranar da aka sallame ta, ta ce rumfa za mu fara zuwa. Ta zauna a bencinta, ta jawo bandirin farin alawayyo, wanda take yankar wa mutane likkafani. Ta yanki ɗan ƙyalle, ta karɓi haƙorin daga hannuna, ta naɗe shi a hankali ta ɗaure.

"Ban ga likkafaninsa ba," ta ce. "Ina masauki aka zo aka ce an riga an kai shi."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba tun da na yi wayo. Maƙwabciyarta mai sayar da leshi ta taso a guje, zani na kwancewa.

"Yako, Hajiya, sannu, yako! Wa ya rasu?"

"Mijina," in ji Inna.