Malam Mas'udu Rawayya da Garin Cikon Haƙori

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Mas'udu Yakubu a shekarar 1961 a garin Rawayya ta ƙasar Bunguɗu. Mahaifinsa Malam Yakubu wanzami ne, mahaifiyarsa kuma sunanta Dije. Ban da aski da ƙaho da cire beli, Malam Yakubu ya shahara da cire haƙori, kuma tun Mas'udu yana ƙarami shi ne mai riƙe kan wanda za a cire wa, yana jin yadda mutum ke makyarkyata a tafin hannunsa idan awartaki ya kama. Dije kanta ba ta tsira daga awartakin mijinta ba, domin kafin ta cika shekara arba'in turamenta sun ƙare, ta koma sai fura da kunu. Mas'udu ya taso yana ƙin wannan sana'a ƙi mai tsanani, gadon wanzanci kuwa ya faɗa hannun ƙanensa Mamman.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare ta Bunguɗu a 1968, bayan ya yi nisa a karatun allo, sannan ya wuce sakandare a Gusau a 1975, daga nan ya samu gurbi a jami'a a Sakkwato, inda ya kammala digiri a fannin kimiyyar haɗa sinadarai a 1985. Abokan karatunsa sun shaide shi da naci da ƙarancin magana, da kuma taurin kan da ba ya jin shawara da zarar ya ƙudurta abu.

Aiki da Aure

A 1986 aka tura shi koyarwa a wata sakandare a Tsafe, a nan ne kuma ya fara lura da farar ƙanƙarar da ke jibge a gindin duwatsun yankin, wadda yara ke ƙyasta wuta da ita. A 1988 ya auri Hafsat, 'yar wani ɗan kasuwa daga Bilbis, mace mai haƙuri da saurin hannu a aikin gida. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara aka dawo da shi Gusau a 1997, ya gina gida a Damba, ya zauna a cikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Farkon Aikin Garin Silika

A 2003 ciwon haƙori ya kai shi wurin wani likita, Dakta Isah, wanda ya bayyana masa cewa farin cikon da ake toshe ramin haƙori da shi haɗi ne na wani irin danƙo da garin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, mai laushin gaske, ana haska masa shuɗin haske ya daskare. Garin ne ke ba shi ƙarfin tauna, yana kuma hana shi tsukewa. Likitan ya ce duka daga waje ake shigo da shi, ba ya kuma samuwa sai jefi-jefi, shi ya sa mafi yawan masu zuwa wurinsa cirewa ake yi musu. Malam Mas'udu ya san cewa ƙanƙarar Tsafe silika ce kusan zalla. Daga wannan rana ya ɗaura niyyar cewa sai an cike haƙorin mutumin Zamfara da dutsen ƙasarsa maimakon a tumɓuke shi.

Da ya kai wa mahaifinsa labari, tsohon, wanda idonsa ya riga ya dushe, ya ce: “Mas'udu, mi kaka so da dutsi cikin bakin mutum? Ni dai fidda shi nika yi, kowa ya huta.”

Yadda Yake Aikin

Daga 2004 ya mayar da ɗakin bayan gidansa wurin aiki. Yakan ɗauko ƙanƙara daga Tsafe, ya gasa ta, ya tsoma ta a ruwan sanyi ta farfashe, ya niƙa ta da injin niƙan hatsi da ya sauya wa haƙora, ya wanke garin da asid, ya shanya, a ƙarshe ya lulluɓe shi da sinadarin da ke sa shi kama danƙo. Garin da ake buƙata shi ne mafi laushi, wanda ke tashi ya rataya a iska, saboda haka yakan rufe ƙofa da taga don kada ya tsere. Tankaɗe kuwa aikin Hafsat ne, domin babu hannun da ya kai nata iya rariya, kuma ta riƙa yin sa yadda take tankaɗe garin tuwo, ba tare da rufe hanci ba sai da gefen mayafi.

Malam Mas'udu bai jahilci illar ƙurar dutse ba, ya ma koyar da ita a aji. Amma ya yarda da abin da masu niƙa da masu fasa dutse suka yarda da shi, cewa nono yana wanke ƙura daga ƙirji. Kowace safiya wata Bafulatana mai suna Delu takan kawo ƙwaryar nono daga rugarsu, shi da Hafsat su sha bayan an tashi daga aiki, su ɗauka sun biya ƙirjinsu haƙƙinsa. Da Dakta Isah ya yi masa faɗa, ya tunatar da shi cewa nono ciki yake zuwa ba huhu ba, sai ya yi dariya ya ce kakanni ba su yi ƙarya ba. Abin takaici ne a ce mai digirin kimiyya ya faɗi haka, amma haka ya faɗa.

Gwajinsa duka a kan cirarrun haƙora yake yi, waɗanda Mamman ke tara masa daga kasuwannin Bunguɗu. Yakan rarake su, ya cike, ya jiƙa su a ruwan zafi da na sanyi da ruwan goro. Na farko sun tsage, na baya sun yi baƙi, sai wajen 2012 ya samu haɗin da ya tsaya.

Jarrabawa

A 2011 Hafsat ta fara tari. Sau biyu aka ɗora ta a kan maganin tarin fuka, maƙwabta suka janye jiki daga gidan, aka ware mata kwano da moɗa, alhali ba abin da take ɗauke da shi mai yaɗuwa. A 2014 ɓarayin shanu suka kore shanun su Delu, suka bar yankin, nono ya yanke, Malam Mas'udu kuwa ya ɗora tsanantar ciwon a kan yankewar nonon. Sai da hoton ƙirji ya nuna ƙurar dutse ta daskare a huhunta, kuma ba ta da magani, sannan ya daina zancen nono. Hafsat ta rasu a 2015. Ranar da aka share makoki ya kulle injin, bai ƙara tayar da shi ba, kuma a lokacin shi ma numfashi ya fara yi masa wuya.

Shekarun Ƙarshe

Abin da ya rage masa shi ne garin da suka riga suka tara. Ya nemi izinin a yi amfani da shi ga jama'a, aka buƙaci gwaje-gwajen da babu na'urorinsu kusa da shi, ga hanyar Tsafe ta zama abin tsoro, ga jiki ya ƙi tafiya. A 2018, bayan ya yi ritaya, turmin haƙorinsa na hagu ya yi rami. Ya je wurin Dakta Isah da 'yar kwalbar garinsa, likitan ya ƙi, ya sake komawa, har sau da dama, yana cewa: “Dakta, bakin nan nawa ne. In ya ɓaci, ni ya ɓata ma.” Daga ƙarshe likitan ya cike masa. Cikon ya zauna daram, Malam Mas'udu ya riƙa cin goro da gefen da gangan, yana buɗe baki yana nuna wa duk wanda ya zo dubiya, ko da tari bai bar shi ya gama bayani ba.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da ke Damba a watan Sha'aban na shekarar 2023, yana da shekara sittin da biyu, bayan doguwar jinya. Mamman ne ya yi masa wanka, kuma ya shaida cewa ya sa yatsa ya taɓa turmin, ya same shi lafiya lau, ko tsaga babu. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka kai shi Rawayya bisa wasiyyarsa, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa, tare da haƙori ɗaya tilo da aka taɓa cikewa da garinsa a bakin mai rai.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Abubakar, direba a tashar Gusau, Habiba, tana aure a Bilbis, Mubarak, malamin makaranta a Bunguɗu, da Husna, wadda ta karanci kiwon lafiyar haƙori, take aiki a wani asibiti a Gusau, inda har yau mafi yawan aikinta shi ne riƙe kan wanda za a cire wa haƙori. Allah ya jiƙansa da rahama, ya haɗa shi da Hafsat a gidan aminci.