Bargon Yaya Adama da Nawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Adama, kuma har yau ban daina kishi da ita ba. Allah ya ji ƙanta, ni kuma ya yafe mini, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba.

Uwa ɗaya ta koya mana haɗa bargon ƙyallaye, a tsakar gida ɗaya a nan Potiskum. Na fi ta sauri, ɗinkina ya fi nata miƙewa, wannan ko ita ta sani. Amma mata su shigo su tsallake nawa, su durƙusa gaban nata suna shafawa. Ni sababbin ƙyallaye nake karɓowa wurin teloli, in zaɓi masu ɗaukar ido. Ita kuwa tsummokaran dangi take bi tana tsinta: hannun tsohuwar rigar Baba, ɗankwalin da ya koɗe, zanin da aka gaji da shi. Ta wanke, ta shanya, ta yanke inda ya mutu, ta share wata uku a kan bargo ɗaya. Na sha ce mata sarkin bola. Sai ta yi dariya ta ci gaba da ɗinkinta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Yau kasuwa cike take da barguna 'yan waje a jaka mai zif, su amare ke yayi. Nakan ce da Yaya na nan da me za ta ce? Na san ta. Taɓawa za ta yi, ta ce akwai laushi, amma ba ta ga kowa a ciki ba.

Bana aka sa ranar autata Zainabu, za a kai ta Damagum. Na ce to, fili ya zama nawa. Wata huɗu na yi ina haɗa mata bargo, ban taɓa yin mai kyansa ba. Ranar da ake haɗa kayan ɗaki na shimfiɗa shi gaban gwaggonninta, suka yi ta sa albarka. Karon farko a rayuwata ba wanda ya ambaci Adama.

Sai ga Zainabu ta fito rungume da tsohon bargon da Yaya ta ɗinka mata tun tana firamare. Wai shi za ta sa a gado, nawa kuma za ta adana a akwati saboda baƙi. Raina ya ɓaci, na tambaye ta me ta gani a wannan tsumman. Ta ɗora yatsa a kan wani koɗaɗɗen ƙyalle a tsakiya.

“Umma, ba ki gane shi ba? Zanin da kika goye ni da shi ne. Inna Adama ta ce a bakin murhu ta tsince shi, kina sauke tukunya da shi.”

Na gane shi sarai, har da ƙunar da ke gefensa.

In aka tambaye ni abin da Yaya ta bari, ba gida ba ne, ba gona ba. Ta san abin da ba a yarwa, ni kuwa ban sani ba sai da na yar. Nawa bargon yana can Damagum a ninke, yana jiran baƙi. Ni da na haifi yarinyar, sai ta hannun Adama na samu shiga ɗakinta.