Baba Mai Bokiti da Matar Siminti

Kafin a buɗe tagar yankar kati, Baba Mai Bokiti ya riga ya share harabar asibiti, ya ba fulawa ruwa, ya kwashe ledojin da masu jinya suka watsar. Wannan kam kowa ya yaba. Abin da ya hana mutane sakin jiki da shi tsawon shekaru shi ne matar simintin nan da ke zaune a gindin bishiya, daura da ɗakin marasa lafiya na maza.

Wani magini ne ya yi ta. Ya faɗo daga saman gini, ya daɗe kwance da karaya, yayarsa tana jinyarsa har ta fi shi ramewa. Da ya warke sai ya roƙi ragowar simintin katanga, ya ƙera mace zaune a kan faffaɗan dakali, da kwanon abinci a cinyarta, ta zuba wa ƙofar ɗakin ido. Baba yana sabon ɗauka a lokacin, shi ya riƙa kwaɓa masa siminti. Tun daga nan baiwar Allah ta ga duniya. Wani shugaban asibiti ya sa aka shafe ta da farin fenti, magajinsa ya mayar da ita koriya, motar ɗaukar marasa lafiya ta ja da baya ta gutsure mata gwiwar hannu. Tsuntsaye kuwa sun mai da ita banɗakinsu.

To, Baba ba kullum yake wanke ta ba. Sai ta yi kwanaki buɗu-buɗu, sannan rana tsaka a hango shi da bokiti da buroshi yana dirzar dakalin. Masu jinya, da ba su da aiki sai jira da sa ido, suka lura cewa in dai ya wanke ta, ba a jimawa sai an ji kuka a ɗakin maza. Aka ce ruwa ba ya tsami banza. Wasu suka ce tsafi ne, wasu suka ce maita. Mai shayin bakin ƙofa ya ware masa kofinsa daban. Har gida maganar ta bi shi.

"Malam, ko dai ka rabu da mutum-mutumin nan?" in ji matarsa. "Maƙwabta fa sun hana yaransu shigo mana."

"To, na ji," ya ce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai daina ba.

Gaskiyar ba ta da wani tsawo. Mai shara yana ganin abin da ke wucewa ta taga. Yana ganin lokacin da nas ta ja labule ta zagaye gado, da lokacin da likita ya rage sauri. Ya kuma san wanda aka yi wa rasuwa, in ya fito, ƙafarsa ba ta iya wuce dakalin nan. Tun ranar da ya ga wani dattijo da fararen kaya ya zube a kan kashin tsuntsu bai ma sani ba, ya ɗaukar wa kansa wannan aiki. Me ya hana shi bayani? In ya yi, ya gaya wa mutum ke nan cewa nasa na kan hanya, kuma wannan sanin na Allah ne. Sau nawa ya wanke, majinyacin ya tashi garau? Waɗannan ranakun babu mai tunawa da su.

Wata rana wata mata da ke jinyar ƙanenta ta tare shi, ta riƙe bokitin.

"Wallahi ba za ka wanke ta yau ba! Ƙanena ne a gadon can."

"Yi haƙuri, 'yata."

"Ajiye, na ce! Me muka yi maka?"

Jama'a suka taru, babu wanda ya tsaya masa. Ya saki, ta kifar da ruwan a ƙasa ta koma ciki. Can bayan azahar ta fito tana tangaɗi, ta nufi dakalin da ƙazantarsa. Baba ya tuɓe rigar aikinsa ya shimfiɗa kafin ta kai. Ta zauna ba ta ko gan shi ba, shi kuma ya ja gefe da tsintsiya yana kore mata 'yan kallo. Sai da danginta suka zo ɗaga ta ta lura da rigar. Ta dube ta, ta dube shi.

"Baba, dama wurin zama kake wanke mana?"

"Allah ya jiƙansa, 'yata. Tashi a hankali."

A watan nan za ka ajiye aiki, Baba, kuma har yau akwai masu sauya hanya in sun hango ka. Kai ne ka yarda a ɓata maka suna don kada ka tsinka wa wani zuciya kafin lokaci. Kai ne mai gyara wa baƙin ciki mazauni. Mun zarge ka, mun ji kunya, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya saka wa iyalinka da suka sha gori tare da kai. Wanda zai gaje ka kuwa, ya sani tun yanzu cewa shi ma za a zarge shi. Ya daure dai ya wanke.