Habu Wet, Zakaran Duniya

Ni dai tun ina yaro kunnena ya fi ƙwaƙwalwata sauri, kuma har yau da furfurata ba su daidaita ba. Wata ranar Asabar a daminar 1965, ruwa ya tsare ni a rumfar Baba Tela a unguwarmu ta Ketaren Gwari, da tiren dafaffiyar gyaɗa a kaina. Baba Tela Bayarabe ne, shi kaɗai ke da rediyo a layinmu. Ana labarin wasanni da Turanci, ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya da mai maganar yake ta nanatawa da ƙarfi: hebiwet. Ni kuwa abin da ya shiga kunnena shi ne "Habu Wet". Na tambayi tela me aka ce, ya ce zakaran damben duniya ne ya sake kayar da wani.

Sunan mahaifina Habu, ɗan dambe ne, kuma tun ina rarrafe ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Lissafin bai ba ni wahala ba. Wet ɗin ma na yanke cewa inkiya ce Turawa suka laƙa masa. Na ruga gida cikin ruwa, gyaɗa tana zuba, na tarar da Inna tana fere doya, na ce Baba ya zama zakaran duniya. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce in shiga in canza riga.

Daga ranar na zama ɗan Habu Wet. A wajen langa ba mai ture ni, a rafi ni ake fara cika wa tulu, har yaran da ke raka motar doya daga Gwada sun san ni. Kowace Asabar Inna takan sallame ni da wuri in je rumfar tela, in na dawo ta ce, "Ya ci?" In ce ya ci, ko da labarin ƙwallo aka yi.

Abu ɗaya ya riƙa damuna: wata rana a ce Habu Wet baƙi ne, wata rana a ce fari ne, wata rana a ce an doke shi kuma wai Habu Wet ne ya doke shi. Shi ne na tambayi tela ko su biyu ne. Ya yi dariya har ya saki keken ɗinki. "Yaro, ba mutum ba ne, nauyi ne!" Ya ce Turawa sai sun ɗora 'yan dambe a sikeli kamar buhun gyaɗa, ƙattin da suka fi kowa nauyi su ne ajin hebiwet. Irina kuma, in ji shi, ajin gashin kaza.

Yanzu jikokina suna kiran manyan 'yan siyasa da attajirai hebiwet, wato masu nauyin faɗa a ji, ni kuwa har gobe sunan mutum nake ji. A waccan ranar na koma gida a hankali na gaya wa Inna abin da tela ya ce. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Na sani tuntuni," in ji ta. "Amma kai wa ya aike ka tambaya?"